Cin Ruwan da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Da zarar damina ta kankama, lunguna suka cika da taɓo, akwai ƙorafin da masu kemis suka saba ji kusan kullum. Mutum zai shigo, ya sassauta murya, ya ce a ba shi maganin cin ruwa, amma mai ƙarfi, domin wanda ya saya kwanakin baya ya ɗan lafar da abin ne kawai, ga shi ya dawo har ya fi da. Wani shekararsa uku yana wannan zirga-zirgar, wani goma. Tsakanin ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi ya yi fari fat, ya yi laushi, ya tsage, ga ƙaiƙayin da ke hana barci, ga warin da ke sa magidanci jin nauyin cire takalmi a gaban surukai.

Ciwo ne da aka raina, shi ya sa ba a kai shi asibiti. Waɗanda ya fi addaba kuwa su ne waɗanda abincinsu ke cikin ruwa ko cikin rufaffen takalmi: 'yan ga-ruwa, masu wankin mota, manoman shinkafa a Kura da Kadawa, masunta, majema, mahauta, matan da ke wuni tsaye a bakin wanke-wanke, sojoji da 'yan sanda da ke kwana da but a ƙafa, masu yi wa ƙasa hidima, ɗaliban makarantun kwana da ke layi a banɗaki ɗaya. Da yawa daga cikinsu sun riga sun yanke ƙauna, sun ɗauka wani abu ne da ke cikin jini, ko sanyi ne ya yi musu yawa.

Gaskiyar magana, cin ruwa yana warkewa, kuma maganinsa ba ya cikin masu tsada. Wanda ya ƙi jin magani, idan aka bi diddigi, kusan kullum akwai dalilin da za a iya nunawa da yatsa. Babba daga ciki shi ne mutane suna auna warkewa da ɗaukewar ƙaiƙayi, alhali ƙaiƙayi kan tafi tun cutar tana nan da ranta.

Abin da ke zaune a cikin fatar

Ruwa kaɗai ba ya haifar da wannan ciwo. Aikinsa shi ne ya jiƙa fata ta yi laushi, ya buɗe ƙofa. Mai shigowa wata halitta ce dangin funfuna, wadda likitoci ke kira fangas, kuma irin da ke kama ƙafa abincinsa shi ne mataccen saman fata da farce da gashi. Wanda ya fi yawa a duniya sunansa Trichophyton rubrum. Dangi ɗaya suke da masu haddasa makero a kan yara. Suna son ɗumi da laima da duhu, abubuwa ukun da ƙafa ke samu a cikin safa da takalmi sau-ciki a ƙasa mai zafi. Kuma ba su da saurin mutuwa: ɓurɓushin fatar da ya zuba daga ƙafar mai ciwon yana iya riƙe su da rai tsawon watanni a cikin takalmi, a kan darduma ko a daɓen banɗaki.

Kamannin ciwon ba ɗaya ba ne, kuma wannan ya ɓatar da mutane da dama. Wanda kowa ya sani shi ne na tsakanin yatsu. Akwai wanda ke fitowa da ƙananan ƙuraje masu ruwa a cikin tafin ƙafa, masu tsananin ƙaiƙayi. Sannan akwai na uku, wanda shi ne uban taurin kai: tafin ƙafa gaba ɗaya da diddige da gefuna su bushe, su yi kauri, su riƙa fitar da farin gari a cikin layukan fata. Sau da yawa ba ya ko ƙaiƙayi. Mai shi zai ce kaushi ne ko faso, ya yi ta goga dutse yana shafa basilin da man kaɗanya shekara da shekaru. Alamar da ke tona asirinsa ita ce ba ya tafiya idan hunturu ya wuce, kuma wani lokaci tafin hannu ɗaya, wanda ake susa da shi, shi ma ya ɗauki irin wannan bushewar, ɗayan hannun kuwa lafiya lau. Daga ƙafa ne kuma yakan haura zuwa matsematsi, ta hanyar hannu ko tawul ko gajeren wandon da aka zura ƙafa a cikinsa.

Man nan mai haɗi uku

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi mayar da cin ruwa ciwon shekaru a ƙasar nan, man shafawar nan da ake tallata shi da cewa yana aiki uku zan nuna. Babu kemis ɗin da ba shi da shi, har a tiren masu talla a tasha ana samu. A cikin bututu ɗaya an haɗa maganin fangas, da maganin bakteriya, da sinadarin sitiroyid, sau da yawa mai ƙarfi. Duk mai irin wannan man a gida ya ɗauko kwalin ya duba: idan ya ga an rubuta clobetasol ko betamethasone ko dexamethasone a cikin abubuwan da aka haɗa, to shi ne.

Sitiroyid ba ya kashe fangas. Abin da yake yi shi ne ya kwantar da garkuwar fata. Ja da kumburi da ƙaiƙayin da mutum ke ji alamu ne na faɗan da jiki ke yi da cutar; idan aka shafa sitiroyid sai faɗan ya tsaya, ƙaiƙayi ya ɗauke cikin kwana biyu ko uku, mai ciwo ya yi ta sa wa mai kemis albarka. Ita kuwa cutar ta samu fili, sai ta bazu a hankali, ta zarce bayan ƙafa, ta shiga ramukan gashi. Ranar da man ya ƙare sai ciwon ya taso da ƙarfin da ya fi na farko, mutum ya koma ya sayo wani bututun, tunda shi ne ya taɓa yi masa aiki. Haka za a yi ta yi har fatar wurin ta yi siriri, ta riƙa tsagewa da ɗan abu kaɗan, launinta ya kwaile. Likitocin fata sun san wannan tun tuni. A 1968 wasu likitoci biyu a Ingila, Ive da Marks, suka bayyana yadda sitiroyid ke sauya wa wannan cuta kama har ƙwararre ya kalle ta bai gane ta ba.

Wanda ke ganin abin bai kai a damu ba ya dubi Indiya. A can ma irin waɗannan haɗe-haɗen sun cika kasuwa, ana saye ba tare da takardar likita ba. Cikin 'yan shekarun nan likitocin ƙasar suka wayi gari da annobar makeron jiki da na matsematsi da ba ya jin terbinafine, maganin da aka fi dogara da shi. A 2020 aka raɗa wa nau'in suna Trichophyton indotineae, kuma a 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton samunsa a birnin New York, bayan an riga an gan shi a Turai da Gabas ta Tsakiya. Masana da dama suna danganta yaɗuwarsa da yadda aka yi amfani da man sitiroyid da magungunan fangas barkatai. Mu da 'yan kasuwarmu da marasa lafiyarmu ke kai-komo tsakaninmu da Indiya da Dubai, ba mu da dalilin ɗaukar wannan a matsayin labarin nesa. Likitocin fata a Najeriya sun daɗe suna kuka da waɗannan mayuka, musamman yadda ake shafa wa jarirai da yadda ake zuba su cikin man bilicin. A ganina lokaci ya yi da NAFDAC da hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna za su tsaya tsayin daka, man da ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi ya daina fita daga kanti sai da takardar likita.

Wanda ya daɗe yana shafa irin wannan man ya sani cewa idan ya daina ya koma maganin da ya dace, wurin zai yi ja ya yi ƙaiƙayi na wasu kwanaki. Wannan ba alama ce ta cewa sabon maganin bai karɓe shi ba. Nan ne mafi yawa ke karaya su koma gidan jiya.

Maganin da ya dace, da yadda ake shafa shi

Ga cin ruwan tsakanin yatsu, man shafawa mai sinadari ɗaya tak ya wadatar. Terbinafine ya fi sauri, domin kashe fangas ɗin yake yi kai tsaye: sau ɗaya ko biyu a rana, mako ɗaya zuwa biyu. Clotrimazole da miconazole da danginsu sun fi araha, sun fi samuwa, kuma suna aiki, sai dai mafi yawan aikinsu hana cutar hayayyafa ne har fata ta sabunta ta zubar da ita, don haka suna bukatar mako huɗu cur, safe da dare. Wanda ya shafa clotrimazole kwana biyar ya ajiye don ya daina jin ƙaiƙayi, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Akwai kuma tsohon man Whitfield, mai sunan likitan fatar Landan da ya haɗa shi a farkon ƙarni na 20. Bai kai sababbin ƙarfi ba, kuma yana da zafi a kan fatar da ta tsage, amma yana taimakawa wajen zubar da fata mai kauri. Nystatin kuwa, da wasu ke bayarwa, ba ya taɓa wannan nau'in fangas ko kaɗan.

Yadda ake shafawa ma rabin magani ne. A wanke ƙafa da sabulu, a tsane ta sarai, yatsa bayan yatsa, kafin mai ya taɓa ta. Man da aka shafa a kan jiƙaƙƙiyar fata rabinsa asara ne. Kada a tsaya a inda ido ke gani kawai. A bi duk tsakanin yatsu, a shafe tafin ƙafa da gefunanta, a zarce iyakar ciwon da kamar faɗin yatsa biyu, kuma a duba ɗaya ƙafar, domin da wuya ta kuɓuta. Siririn shafi ya isa, cusa mai da yawa a tsakanin yatsu ƙara laima yake yi. A wanke hannu bayan an gama. Idan wurin yana tsiyayar ruwa, ma'aikatan lafiya kan ba da sinadarin potassium permanganate a jiƙa ƙafa a ciki na minti goma zuwa sha biyar don ya bushe. Sai an tsarma shi sosai, ruwan ya zama ja-ja mai haske ƙwarai. Idan ya yi duhu ƙona fata yake yi.

Farce, maɓoyar cutar

Mutum zai bi duk wannan ƙa'ida, ƙafa ta yi kyau, bayan wata biyu abin ya dawo. A nan sai a dubi farce. Farcen da ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa ko ya yi duhu, yana marmashewa, ko ya ɗago daga naman yatsa, mafi yawan lokuta fangas ɗin ne ya shige shi. Man shafawa ba ya ratsa farce. Fata za ta warke, farce ya sake zuba mata iri. Wannan shi ne sirrin cin ruwan dattawa da yawa da aka yi shekara ashirin ana fama da shi.

Irin wannan, da na tafin ƙafa mai kauri, da wanda sitiroyid ya riga ya watsa, sai an haɗa da maganin sha. Wanda likitoci suka fi bayarwa ga babban mutum shi ne ƙwayar terbinafine mai miligiram 250, ɗaya a rana: mako biyu zuwa shida idan fata ce kawai, wajen mako 12 idan farcen ƙafa ya kamu. Akwai itraconazole, wanda akan ba da shi mako ɗaya a sha, mako uku a huta, har zagaye uku idan don farcen ƙafa ne. Ko bayan an gama shan maganin farcen ba zai yi kyau nan take ba, domin farcen ƙafa a wata guda bai fi ya ƙaru da milimita ɗaya da ɗoriya ba. Sai an yi shekara, wani lokaci shekara da rabi, kafin sabo ya kori tsoho. Abin da ake dubawa shi ne gindin farcen: idan sabon da ke fitowa garau yake, magani ya ci.

Na kawo waɗannan alƙaluma ne don mai karatu ya san tsawon tafiyar, ba don ya je ya saya wa kansa ba. Waɗannan ƙwayoyi ta hanta suke bi, mu kuwa muna cikin yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma da yawan masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Shi ya sa likita kan nemi gwajin hanta kafin doguwar jinya. Wanda ke kan maganin ya ga idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko tashin zuciya ya ƙi tafiya, ya dakata ya koma asibiti a ranar. Terbinafine kan ɗauke wa wasu ɗanɗanon abinci na wani lokaci. Itraconazole bai dace da mai raunin zuciya ko mai juna biyu ba, kuma yana karo da magunguna da yawa, ciki har da wasu na rage kitsen jini. Maganin tarin fuka, rifampicin, yana rage ƙarfin duka biyun. Griseofulvin, wanda aka fara amfani da shi tun 1958 kuma har yau ake ba yara masu makeron kai, rauni gare shi a kan ƙafa da farce, kuma haramun ne ga mai ciki. Ƙwayar ketoconazole kuwa, tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka ja kunne a kanta saboda illar da take yi wa hanta. Bai kamata wani ya sha ta don ciwon fata ba, ko da yake man shafawarta ba shi da wannan matsala.

Idan kuma ba shi ba ne fa?

Ba duk abin da ya ci tsakanin yatsu ne fangas ba. Wanda ya yi mako huɗu yana shafa maganin da ya dace, yadda ya dace, bai ga sauyi ba, kada ya nemi wanda ya fi ƙarfi. Ya nemi a duba masa ko tun farko sunan da aka ba ciwon daidai ne.

Akwai bakteriyar da ke sa tsakanin yatsu ya yi ja-ja mai duhu, wadda likita kan gane ta da wata fitila ta musamman da ke sa wurin ya yi jan haske. Akwai wata da ke huda ƙananan ramuka a tafin ƙafar masu yawan gumi, da wari mai tsanani. Takan damu masu sa but sosai. Akwai wadda ke hawa kan tsohon cin ruwa, wurin ya kwaile, ya yi zafi, ya riƙa fitar da ruwa mai kore-kore. Duk waɗannan maganin bakteriya suke so. Ga matan da hannu da ƙafarsu ba sa rabuwa da ruwa, sau da yawa wani nau'in ne mai suna kandida. Wasu kuma robar silifa ko sinadarin jimar fatar takalmi ne jikinsu ba ya so, alamarsa ita ce ciwon ya bi sawun igiyar takalmin a bayan ƙafa. Sannan a Afirka ta Yamma akwai wani fangas da ke zaune a ƙasa da jikin itatuwa, Neoscytalidium, wanda binciken da aka yi a kan masu haƙar kwal a Najeriya a shekarun 1980 ya same shi a ƙafafunsu. A ido ba shi da bambanci da cin ruwan da aka sani, amma yawancin magungunan da aka saba da su ba sa yi masa komai.

Abin da ke raba gardama gwaji ne mai sauƙi. A kankaro ɗan ɓurɓushin fata ko farce, a ɗiga masa sinadari, a duba a madubin likita. Idan ana son sanin ainihin nau'in sai a shuka shi a ɗakin gwaji, a jira mako biyu zuwa huɗu. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen fata. Mai zuwa ya dakatar da shafe-shafe na kamar mako biyu kafin ranar, idan ba haka ba gwajin zai iya fitowa babu komai, kuma ya tafi da duk kwalayen abin da ya taɓa shafawa.

Alwala, safa da takalmi

Akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye, kuma gara a faɗe ta a fili. Musulmi yana wanke ƙafa sau da yawa a rana, wannan tsafta ce da ba ta da na biyu. Matsalar tana zuwa ne bayan wankin: a zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa a koma ofis, ko a tako daɓen wurin alwala da ba ya bushewa, a hau kafet ɗin da ɗaruruwan jiƙaƙƙun ƙafafu suka taka. Wani bincike da aka wallafa a 1998 kan masallata a birnin Durban na Afirka ta Kudu ya samu ciwon ƙafa da na farce ya fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da sauran jama'a, an kuma samu irin wannan sakamako a Turkiyya. Gyaran ba shi da wuya. A mazhabar Malikiyya da muke bi babu laifi mutum ya goge gaɓoɓinsa bayan alwala. Ɗan ƙyalle a aljihu, wanda aka ware wa ƙafa kaɗai, a bi tsakanin yatsun da aka tsattsefe a tsane su, ya isa ya sauya labarin mutane da yawa. Wanda ƙafarsa ta tsage har ruwa na cutar da shi, ya tambayi malaminsa, domin shari'a ta yi sauƙi ga mai rauni. Kwamitocin masallatai kuma su sani gyara magudanar wurin alwala, da wanke daɓensa, da fitar da kafet rana lokaci zuwa lokaci, hidima ce ga masallata kamar sayen janareta.

Takalmi sau-ciki yana bukatar yini guda ya bushe bayan an wuni da shi, don haka mai hali ya riƙa musanya biyu. Wanda aikinsa ya tilasta masa but ko takalmin ruwa, ya tafi da safa ta biyu ya canza da rana, ya cire takalmin duk lokacin da ya samu sarari, idan ya dawo gida ya zare shimfiɗar ciki ya kai su rana. Manomi da mai wankin mota ba za a ce su bar ruwa ba, amma suna iya ɗauraye ƙafa da ruwa mai tsabta bayan aiki, su tsane ta, su kwana da ita a buɗe. Wankin ruwan sanyi ba ya kashe fangas a safa. Bincike ya nuna sai zafin ruwa ya kai digiri 60. A jiƙa su a ruwan zafi, a juya cikinsu waje, a shanya a rana mai ƙarfi, abin da Allah ya hore mana a yalwace. Takalmin gwanjo a wanke shi, ya sha rana sosai kafin a sa. Silifar banɗaki da kowa ke zurawa, da dutsen goge kaushi na gida ɗaya, da almakashin masu yankan farce da ke yawo kasuwa, duk hanyoyi ne. Idan miji yana magani matarsa ko ɗansa na ɗauke da ciwon ba a kula ba, zai dawo. Kuma mai cin ruwa ya riƙa sa safa kafin ya zura gajeren wando. Bayan an warke, wanda ya san nasa mai dawowa ne zai iya barbaɗa hodar maganin fangas a ƙafa da takalmi, ko ya riƙa shafa man sau ɗaya ko biyu a mako, musamman da damina.

Iyayenmu mata sun daɗe suna ƙunsa lalle a ƙafa ko su jiƙa ta a ruwan bagaruwa idan ruwa ya ci ta, kuma ba a banza ba: dukansu suna ɗaure fata su busar da ita, bushewa kuwa rabin yaƙin ce. Amma ba su isa su fitar da cutar daga farce ko tafin ƙafa mai kauri ba, kuma baƙin lallen zamani da ake haɗawa da sinadarin rini yana iya tayar da ƙuraje masu tsanani. Abin da ba shi da wani uzuri shi ne kananzir, da baƙin mai, da ruwan batir, da sinadarin wanke banɗaki, da ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a kwana da ita. Raɗaɗin da suke yi ƙuna ce, ba alamar magani na aiki ba, kuma fatar da ta ƙone ta fi saurin ɗaukar wata cutar.

Waɗanda bai kamata su jira ba

Ga mai cikakkiyar lafiya cin ruwa damuwa ce da kunya. Ga wasu kuwa ƙofar babbar musiba ce. 'Yar tsagar nan ta tsakanin yatsu tana daga cikin manyan hanyoyin da bakteriya ke bi su shiga ƙafa, sai a ga ƙauri ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, ga kaluluwa a matsematsi. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, ba kemis ba. Masu tundurmi ma ta nan ne zazzaɓin da ke ƙara musu kumburi yake shiga, shi ya sa wankewa da tsane tsakanin yatsu ke cikin abubuwan farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a koya musu. Cin ruwan da ya bazu fiye da kima, ko ya kama farata da yawa cikin ɗan lokaci, dalili ne na a auna sukarin jini a kuma yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki.

Masu ciwon suga su ne abin ya fi shafa. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, yana rage gudun jini, don haka rauni kan yi nisa mai shi bai ji komai ba. Ƙafafu da yawa da aka yanke a asibitocinmu daga ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba suka fara. Duk mai ciwon suga ya duba tsakanin yatsunsa kowane dare da fitila. Idan idonsa ya yi rauni ko ba ya iya sunkuyawa, ɗa ko jika ya duba masa. Ku da kuke da tsofaffi masu wannan ciwo a gida, ku ɗauki wannan aiki a kanku, kuma idan kuka ga fari ko tsaga ko ruwa, kada ku shafa komai da ka, ku kai su wurin ma'aikacin lafiya kafin kwana biyu.